Ga Magidancin da Ke Son Komawa Mario

Da farko dai ajiye wayar nan. Duk wanda ya ce maka za ka sauke Super Mario a waya ka ji daɗin da ka ji kana yaro, yaudararka yake yi. Gem ɗin bai canza ba, shi ne wanda Nintendo ta fitar a 1985, duniya takwas, matakai 32. Wahalar ce ta ɓace, kuma ita za ka dawo da ita gidanka in da gaske kake.

Nemi talabijin mai ƙeya, irin wadda sai mutum biyu sun kama. Ba don ƙauyanci ba, akwai dalili. Bindigar nan ta Duck Hunt ba ta harba komai, kallo take yi. Da ka ja kunamar sai fuskar talabijin ta yi baƙi na ƙiftawar ido, a haska farin akwati a inda agwagwar take, idon da ke cikin bindigar ya duba ko ya ga hasken. Talabijin na zamani na jinkirta hoto kaɗan, don haka ko ka manna mata bakin bindigar ba za ka kayar da agwagwa ɗaya ba, kuma karen nan zai fito daga ciyawa ya yi maka dariyar da ya saba.

Na'urar kuwa, kada ka kuskura ka sayi ta asali. Yawancinmu ba mu taɓa ganin ta asali ba. Abin da ya shigo gidajenmu kwaikwayon Famicom ne, wadda ta fito a Japan a 1983, masu dabara suka yi ta buga irinta da araha har ta iso kasuwanninmu shekaru da yawa bayan yaran Japan sun gaji da ita. Haɗa da kaset mai ruwan ɗorawa wanda aka rubuta wa gem 9,999,999. Kada ka ƙirga. Na ɗaya Mario ne, na hamsin Mario ne ya fara daga duniya ta uku, na ɗari biyu shi ne dai, an canza masa riga.

Idan ka saka kaset hoto ya fito a hargitse, cire shi ka hura. Masana sun ce hurawar ba ta gyara komai, cirewa da mayarwa ne ke sa ƙarafan su haɗu, danshin baki ma tsatsa yake jawowa. Saurare su da ladabi, ka ce Allah ya ƙara ilimi, sannan ka hura. In ya ƙi, miƙa wa wani ya hura, don a kowace unguwa akwai yaron da aka yarda bakinsa ya fi na kowa sa'a.

Yanzu sai rabon hannu, kuma a nan asalin gem ɗin yake. Hannu na ɗaya na Yaya ne, ba a tattaunawa a kai. Ƙane shi ne Luigi, aikinsa ya zauna ya jira Yaya ya faɗa rami, abin da kan ɗauki tsawon yini. In Allah ya kawo nasa lokacin, ya mutu a hannun dodon farko saboda rawar jiki, ya koma jira. Auta kuma a ba shi hannun da ba a jona ba, a riƙa ce masa "Kai, ka iya!" yana dannawa da ƙarfinsa. Ka tsara 'ya'yanka haka. Wanda ya yi ƙorafi, gaya masa a Duck Hunt mai hannu na biyu yana iya juya agwagwar, ya je ya yi wannan.

Zumunci kuwa a Contra ake gwada shi. Kafin a fara, danna sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A, ka sami rai talatin maimakon uku. Mutumin da ba ya iya riƙe ranar haihuwar matarsa har yau yana riƙe da wannan. Idan naka rayukan sun ƙare, gem ɗin ya yarda ka ɗauki na abokin wasanka. Ɗauka shiru, in ya lura ka ce na'urar ce. A gem ɗin tankar yaƙi kuma, wanda Namco ta fitar da sunan Battle City, doka ce a tsare gaggafar da ke ƙasa a cikin bulo. Duk wanda aka ɓata wa rai ya san abin yi: ya juya tankarsa ya harbe gaggafar da kansa, kowa ya rasa.

Kada ka manta da fargaba. Ka buga a lokacin da ya kamata kana Islamiyya, kunne ɗaya na ƙofar gida. Da ka ji sallamar Baba, zare waya, tura na'ura ƙarƙashin kujera, ɗauki allo. Ba zai yi amfani ba, don zai ɗora hannu a bayan talabijin ya ji zafi, adaftar kuma ta isa dafa ƙwai. Tunda yanzu kai ne Baba, roƙi uwargida ta riƙe wannan muƙamin. Ka kuma nemi wanda zai kashe wutar gidan daidai lokacin da ka shiga duniya ta takwas, domin Mario na farko ba ya ajiye inda ka tsaya, sai dai ka koma tun daga farko.

In ka girma kaɗan, wuce gidan gem: benci, labule, PlayStation ta farko da aka kifa a kan bayanta don ta yarda ta karanta faifai. A Winning Eleven ɗauki Najeriya, ba wa Tijjani Babangida ƙwallo a gefe, danne maɓallin gudu, kada ka saki. Ɗan Kaduna ne, ya buga wa Ajax, yana cikin waɗanda suka ci zinare a Atlanta a 1996, amma a benci ba wanda ya damu da tarihi, an dai san babu mai kamo shi. Wanda ya ɗauki Brazil zai mayar da Roberto Carlos ɗan gaba. Ƙyale shi, wanda aka ci shi ne zai biya.

Abu ɗaya ne ban ba ka shawararsa ba: kada ka yarda ka kara da ɗanka a gaban mutane bayan ka cika masa baki cewa kai ne zakaran layinku. Yatsun nan sun yi nauyi. In kuma ƙaddara ta hau ka ya lallasa ka, juya hannun gem ɗin, duba bayansa da kyau, girgiza shi kusa da kunne, ka ce maɓallin B ne ya maƙale.