Bazazzagi, Wa Ya Ce Maka Wannan Kiɗa Ne?

Bawana Bazazzagi, gaisuwa daga ubangidanka na birnin Dabo. Yaya Zariya, yaya fate? Ƙorafi ya yi yawa a kanka. An ce tun da ka dawo daga karatu a Manchester, duk wanda tsautsayi ya sa ya shiga motarka daga Kwangila zuwa Samaru sai ya sauka da ciwon kai. Ka kunna masa wani Bature mai gunaguni ta hanci, sannan ka ɗora da lacca: wai wannan ita ce The Fall, wai Ingila ba ta taɓa haifar ƙungiyar makaɗa kamarta ba, wai wanda bai ji daɗinta ba kunnensa ne bai shiga aji ba. Tunda gyaran bawa a wuyan ubangida yake, na danne zuciya na saurari abin naka, kuma yau a gaban jama'a za a yi shari'ar.

Jama'a, ga asalin maganar, don kada ku ce na zalunci bawa. A tsakiyar 1976 wasu tsagerun Landan da ake kira Sex Pistols suka yi wasa a wani ƙaramin zaure na Free Trade Hall a Manchester. Kiɗansu, wanda ake kira pank, ba ya buƙatar wata gwaninta: ka iya kaɗa sauti uku a jita, ka iya ihu, shi ke nan ka zama makaɗi. Samarin da suka je kallo suka fito suna cewa in dai wannan ne, ai mu ma za mu iya. Daga cikinsu aka sami waɗanda suka kafa Joy Division, da Morrissey wanda daga baya ya yi suna a The Smiths, da wani akawun tashar jiragen ruwa ta Salford, ɗan shekara 19, mai suna Mark E. Smith. Shi da abokansa suka kafa The Fall a unguwar Prestwich cikin wannan shekara, suka aro sunan daga wani littafi na Albert Camus. Su da ire-irensu ne suka ɗauki tsaurin idon pank suka gauraya da karance-karance da kaɗe-kaɗen gwaji irin na ƙungiyar Can ta Jamus da Captain Beefheart na Amurka, aka sami abin da ake kira kiɗan bayan-pank. Daga nan har Smith ya mutu a Janairun 2018 yana da shekara 60, ƙungiyar ba ta huta ba. Faifai 31 ta fitar, ban da na wasannin dandali da tarkacen da aka riƙa tattarowa.

Ka ga ban rage maka komai ba. Yanzu sai lissafi, inda na san Bazazzagi ke fara zufa.

A tsawon waɗannan shekaru an ƙirga mutum 66 da suka shiga The Fall, kusan kashi ɗaya cikin uku ba su cika shekara ba aka yi waje da su ko suka gudu da ƙafarsu. Mutum ɗaya ne bai taɓa motsawa ba, shi ne mai korar. Da bakinsa ya ce ko shi da kakarka ce kawai tana buga 'yar ganga, to The Fall ce. Ka ji fa, har tsohuwarka ya jefa a ciki, kai kuma kana yi masa tafi. Ana ba da labarin ya sallami wani mai haɗa sauti don kawai ya sa a kawo masa ganyen salak. Marc Riley, wanda daga baya ya zama sanannen mai gabatar da shiri a rediyon BBC, an kore shi bayan rangadin Ostareliya na 1982. Abin ya kai wani ɗan jarida, Dave Simpson, ya rubuta littafi sukutum a 2008 a kan farautar korarrun ɗaya bayan ɗaya. A Kantin Kwari, in aka ce Alhaji wane ya sallami yaran shago sittin da shida, ba mai kiransa gwanin kasuwa; cewa za a yi 'yan'uwa su kai shi a duba shi. Kai kuwa ka ce mini wannan ita ce hikimar, wai sabon jini yake nema kada kiɗa ya kwanta.

Na kalli faifan bidiyon wasanninsa. Ga mutum cikin riga da wando irin na akawun da bai karɓi albashi ba, ya juya wa masu kallo baya, yana taunar abin da ba a san ko mene ne ba. Ya ɗauko takardu a cukuikuye yana leƙawa yana karantawa. Can sai ya taka zuwa na'urar sautin mai jita, ya murɗa ta har ƙarshe, ya wuce ta wani ya kashe ta gaba ɗaya, ya cusa hannu cikin babbar ganga ya zare makirfon da ke ciki. Makaɗan nan ba wanda ya ɗaga kai, sun saba. Wani lokaci ma ficewa yake yi daga dandamali ya ci gaba da waƙar daga ɗakin canza kaya, mutanen da suka biya kuɗin tikiti suna kallon fili. A Afrilun 1998, a wani gidan rawa a New York, abin ya wuce murɗa na'ura: dambe ya kaure a kan dandamali tsakaninsa da makaɗansa, uku suka tattara kayansu suka koma gida, shi kuma 'yan sanda suka kama shi. Giya tana da hannu a yawancin wannan, kuma kai ma ka sani, amma in ka zo nan a laccarka sai tari ya kama ka.

To, na san hujjarka ta farko, John Peel. Gaskiya ne, mutumin da ya shafe shekaru kusan arba'in yana zaɓar wa matasan Birtaniya sabon kiɗa a BBC ya fifita The Fall a kan kowa. Sau 24 ya gayyace su suka naɗi waƙoƙi don shirinsa, daga 1978 zuwa 2004, shekarar da ya mutu. Shi ne ya ce kullum daban suke, kuma kullum su ne dai. Ku masoya kun riƙe wannan magana kamar kirari. Mu kuma masu kunne lafiyayye mun ji rabinta na biyu sosai.

Hujjarka ta biyu, tasiri, a nan ba zan yi maka gardama ba, don Bakano ba ya musun kayan da ya gani a kasuwa. Sonic Youth ta Amurka ta taɓa sadaukar da zama guda a shirin Peel a 1988 tana kaɗa waƙoƙin da The Fall ta yi. Faifan farko na Pavement, duk mai kunne ya ji inda aka ɗebo shi. James Murphy na LCD Soundsystem bai ɓoye ba, har jan harafin ƙarshe irin na Smith ya ara. Franz Ferdinand sun ambace su, Gorillaz sun gayyaci Smith cikin faifansu na 2010. Yau kuwa Birtaniya da Ayalan cike suke da samari da 'yan mata masu surutu a kan kiɗa maimakon rerawa, kuma da wuya ɗan jarida ya rubuta sharhi a kansu bai ambaci The Fall ba. Sai dai ka tambayi kanka ko wannan abin godiya ne. Mutumin da ya koya wa ƙasa guda cewa ba sai kana da murya za ka riƙe makirfo ba, lada ya samu ko alhaki? Shi kansa gwanin naka bai ɗauki abin a matsayin girmamawa ba. Da aka tambaye shi game da Pavement, cewa ya yi kwaikwayo ne tsagwaronsa, ba su da tunanin kansu. Kana tara masa jikoki, shi yana korar su daga zaure.

Amma ga inda nake son ka buɗe kunnen nan naka da ya shiga aji. Me waɗannan ƙungiyoyi suka ɗauka a zahiri? Ka sa Hex Enduction Hour na 1982, wanda aka naɗi wani sashensa a Reykjavik, sauran a wani tsohon gidan silima a Hitchin. Ka manta da mai gunagunin na minti biyu. Abin da ke kama ƙirjinka shi ne ganguna biyu, na Karl Burns da Paul Hanley, suna tafiya tare suna saɓawa, sai jitar Craig Scanlon tana karce sama-sama, sannan a ƙarƙashin komai babbar jita mai kaurin murya ta Steve Hanley, tana nanata layi ɗaya, ba gaggawa ba gajiya, har sai ka ga ƙafarka na motsi ba da izininka ba. Wannan ne sautin da ake kwaikwayo daga Kalifoniya har Glasgow. Hanley ya yi shekara 19 yana ɗauke da ƙungiyar a kafaɗa, daga 1979 har daren damben New York, kuma Smith da kansa ya taɓa faɗa cewa shi ne sautin The Fall. Bayan ya bar ƙungiyar, aikin kula da ginin makaranta ya kama. Scanlon ya yi shekara 16, da hannunsa a waƙoƙi fiye da ɗari, aka kore shi a 1995, daga baya mai korar ya nuna nadama. Sannan waƙoƙin da har mutum zai iya bi da baki, irin na This Nation's Saving Grace na 1985, sun zo ne bayan Brix, Ba'amurkiyar da Smith ya aura, ta shigo da jitarta a 1983. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kai ka je Manchester ka dawo, sunan gardi kaɗai ka haddace.

Za ka ce ai bayan tafiyar Hanley ma an yi faifai masu kyau, ka kawo mini waƙar Blindness ta 2005. Na ji ta, kuma tana da ƙarfi. Me ke ɗauke da ita? Babbar jitar nan ce dai, wani yaro daban ya zauna a gurbin da Hanley ya haƙa.

Ban ce Smith ba shi da komai ba. Yana da ido, yana da harshe mai kaifi. Lokacin da wasu ke waƙar soyayya, shi yana waƙar unguwar masana'antu, da direbobin manyan motoci, da mai kiran lambobin caca, da yadda masu kuɗi ke lalata ƙwallon ƙafa, ya cakuɗa su da fatalwa da tarihin da ba wanda ya tambaye shi. Ya rubuta wasan kwaikwayo a kan mutuwar Fafaroma John Paul na Ɗaya a 1986, ya yi wa ɗan rawa Michael Clark kiɗan rawar bale a kan Sarki William na Orange a 1988. Talaka ne da ya bar makaranta yana ɗan shekara 16, ya karantar da kansa, ya ƙi yarda 'yan jami'a su raina shi. Wannan na sara masa. Sai dai rabin abin da yake faɗa, Turawan Manchester ma ba sa ji. Masoyansa sun shafe shekaru suna fashin baƙin waƙoƙin layi-layi, suna faɗa da juna a kan ko kalma kaza ya ce ko tari ya yi. A nan ne na gane sirrin soyayyarka. Dogon zance, ba farko ba ƙarshe, mai yi ya gamsu, mai ji ya rasa inda aka dosa: ai ɗan'uwa ka gani. Da a Zariya aka haifi mutumin nan da tuni an naɗa shi sarauta.

Mu koma kasuwa, inda ba a ƙarya. Cikin faifai 31, ɗaya tak ya shiga goman farko a jerin masu ciniki na Birtaniya, The Infotainment Scan, ya tsaya na 9 a 1993. Waƙarsu da ta fi hawa sama ta tsaya ta 30 a 1987, kuma ba tasu ba ce, aro ce daga wani mawaƙin kamfanin Motown, R. Dean Taylor. Victoria da ta biyo baya a 1988 ita ma ta The Kinks ce. Maƙwabtansu Joy Division faifai biyu kacal suka yi kafin mawaƙinsu Ian Curtis ya mutu a 1980, amma har gobe ana sayar da riga mai zanen bangon faifansu na farko a duk duniya, har ga yaran da ba su taɓa jin waƙar ba. Na san amsarka: gwanina bai damu da kasuwa ba, fasaha yake yi. To wa ya ba kamfanin Vauxhall waƙar Touch Sensitive aka yi tallar mota da ita? Wa ya bar BBC ta riƙa buɗe shirin sakamakon ƙwallo da kiɗansa, har ya zauna a 2005 ya karanta sakamakon da kansa? Ashe da ya ga kuɗi hannunsa ba ya rawa. Wannan ɗabi'a ɗaya ce tasa da na ga ta yi kama da ta mutanen kirki, kuma ba daga wajenku ya koya ba.

Abu ɗaya ba zan yi wasa da shi ba. A 2017, ciwon daji na cin huhunsa da ƙodarsa, ya fitar da faifai, ya hau dandamali a keken guragu ya yi aikinsa. Kuma makaɗa uku na ƙarshe, Greenway da Spurr da Melling, sun yi kusan shekara goma tare da shi ba a kori ko ɗaya ba. Ko tsufa ne ya sanyaya shi, ko su ne suka gane makamarsa, oho.

Ga hukunci. The Fall ta yi tasiri, an yarda. Tana da faifai uku ko huɗu da suka cancanci a ajiye, kuma wanda ke son ɗanɗanawa ya fara da na 1985, kada ya bari Bazazzagi ya zaɓar masa, don na 2017 zai miƙo. Sauran ashirin da 'yan kai na masu haƙuri ne da masu neman abin musu. Daga yau, in za ka yi laccarka, sunan Steve Hanley za ka fara ambata kafin na mai korar. Kuɗin sharar bana kuwa kada ka wahalar da kanka zuwa Kano, na riƙe shi a matsayin tarar kunnuwan bayin Allah da ka azabtar.