Jinjina ga Henry Dundas, Gwanin Haƙuri da Wahalar Wasu

Ba a taɓa yin ɗan siyasar da ya tausaya wa masu zaɓe kamar Henry Dundas ba. Shekara 12 ya yi yana wakiltar birnin Edinbura a majalisar dokokin Birtaniya, daga 1790 zuwa 1802, amma ko sau ɗaya bai sa maƙeri ko masaƙi ya bar sana'arsa ya je jefa ƙuri'a ba. Mutum 33 kacal, 'yan majalisar gari, su ke zaɓa wa birnin wakili, su ne kuma ke zaɓar waɗanda za su gaje su. Dundas ya ga tsarin ya yi kyau, ya tsare shi iya ƙarfinsa. Kujeru 45 Sikotlan ke da su a majalisar wakilai, kuma kafin ƙarnin ya ƙare mafi yawansu sun koma aljihunsa. Mai ɗa yana zaune ba aiki, a samo masa gurbi a kamfanin da ke mulkin Indiya. Mai ƙane, a sa shi a kwastan ko sojan ruwa. Abin da ake nema a wurinka ƙuri'a ce kawai. Har laƙabi suka yi masa, Sarki Harry na Tara, sarkin da ya hutar da jama'a ɗawainiyar bikin naɗi.

To, ba a rasa marasa godiya. A watan Yunin 1792 talakawan Edinbura suka yi kwana uku suna bore, suka ƙona mutum-mutuminsa. Wani matashin lauya, Thomas Muir, ya shiga yawo yana cewa wai a ba kowane namiji ƙuri'a. Dundas na ministan cikin gida a lokacin, babban lauyan gwamnati a Sikotlan kuwa Robert Dundas ne, ɗan wansa kuma mijin 'yarsa, don haka maganar ba ta fita gida ba. A 1793 aka yanke wa Muir shekara 14 a Ostireliya. Ga wanda ya roƙi a faɗaɗa 'yanci, ai an ba shi fili mai faɗi.

Riƙon amanarsa ma daga cikin gida ya faro. A 1765 ya auri Elizabeth Rannie, yarinya ƙarama da ta gaji dukiya da gidan gona na Melville. Da auren ya mutu a 1778 saboda ta ci amanarsa da wani, doka ta bar masa dukiyar, da gidan, da 'ya'yan huɗu, shi kuma ya karɓa ba musu. Matar ta rayu har 1847 ba ta ƙara ganin 'ya'yanta ba. Kada a ce ya manta da ita: da aka ba shi sarauta a 1802, sunan gidan ubanta ya ɗauka, ya zama Lord Melville.

Amma duk wannan share fage ne. Babban aikinsa yana daren 2 ga Afrilun 1792.

A wannan shekara takardun koke fiye da 500 suka isa majalisa suna neman a hana cinikin bayi, kusan kashi ɗaya cikin uku daga Sikotlan. Dubban gidaje sun daina shan sukari don kada su ɗanɗana gumin bawa. Ɗan majalisa William Wilberforce ya miƙe ya nemi a dakatar da jiragen da ke loda mutane a Boni da Kalaba da sauran gaɓar Afirka ta Yamma. Wanda bai waye ba sai ya goyi baya ko ya yi adawa. Dundas ya fi ƙarfin wannan. Ya ce shi ma yana so a hana, kuma wa zai ƙaryata shi? Ba shi ne ya tsaya wa Joseph Knight ba, bawan da aka kawo daga Jamaika, har kotun Edinbura ta yanke a 1778 cewa dokar Sikotlan ba ta san bauta ba? Ya san zunubin sarai, da bakinsa ya bayyana wa alƙalai. Abu guda ya roƙa, a ƙara ɗan gyara a ƙudurin: a hana, amma sannu a hankali. Majalisa ta ji daɗi, ta amince da ƙuri'a 230, masu adawa 85. Kowa ya koma gida da zuciya fara, jirage kuma suka ci gaba da tashi.

Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, kuma babu wanda ya gwada gaskiyar maganar nan a kan rayuka masu yawa kamar Dundas. Shi 1800 ya so a tsayar, majalisar wakilai ta ce 1796, majalisar dattawa ta ce sai ta saurari shaidu, ta yi ta saurare har maganar ta mutu. Da 1796 ta zo, Wilberforce ya dawo da ƙudurinsa, Dundas ya nuna cewa ana cikin yaƙi, lokaci bai yi ba, ƙudurin ya faɗi da ratar ƙuri'a huɗu. Sai 1807 aka hana. A cikin shekarun nan 15, 'yan Afirka fiye da rabin miliyan aka ƙetarar da su teku a ɗaure. Kowannensu yana da uwa, yana da garin da aka yi ta cigiyarsa. Wasu ba su kai gaci ba, an jefa gawarsu a ruwa. Dubi irin juriyar Dundas, bawan Allah! Shekara 15 ana ɗaure mutane a ƙasan jirgi, amma ko gezau bai yi ba, bai bari gaggawa ta ɗebe shi ba.

Masu kare shi suna cewa ba don dabararsa ba da ƙudurin ya faɗi warwas, kamar yadda ya faɗi a 1791 da ƙuri'a 163 a kan 88. Madalla. Sai a duba abin da ya yi da ikonsa bayan nan, don a ga yadda abin ke cin ransa. Yana ministan yaƙi daga 1794, ya yi ta tura runduna zuwa Karibiyan don ƙwace tsibiran rake na Faransa, har da Saint-Domingue, Haiti ta yau, inda bayi suka riga suka tsinke sarƙa da hannunsu. Sojojin Birtaniya dubbai suka mutu a can, yawancinsu da shawara. Da aka rasa masu maye gurbinsu, daga 1795 gwamnati ta shiga sayen bayi da kuɗin baitulmali tana sa musu kaki. Mai son kashe kasuwa sannu a hankali ya zama babban mai saye a cikinta, don dai ya san ta ciki da waje.

A harkar kuɗi ma ya kafa tarihi. Yana ma'ajin sojan ruwa, shi ya kawo dokar 1785 da ta hana a karkatar da kuɗin rundunar daga Bankin Ingila. A ƙarƙashinsa kuma mai biyan albashi, Alexander Trotter, ya riƙa kwasar kuɗin zuwa asusunsa a bankin Coutts yana juya su. Da aka tambayi Dundas ina wata fam 10,000 ta shiga, ya ce sirrin gwamnati ne, kuma ɗan halak ba ya tona asiri. A Afrilun 1805 majalisa ta rabu, 216 nan 216 can, kakakinta ya raba gardama da ƙuri'ar la'antar Dundas. A 1806 aka gurfanar da shi gaban majalisar dattawa, 'yan uwansa suka zauna suka wanke shi tas. Tun daga ranar majalisar Birtaniya ba ta sake gurfanar da kowa irin wannan gurfanarwa ba. Wa zai iya bin sawunsa?

Ya rasu a 1811. Sojojin ruwan da aka juya albashinsu su aka bi da karo-karo, aka gina masa hasumiya mai tsawon kusan mita 45 a dandalin St Andrew na Edinbura. Bayan doguwar fafutukar Farfesa Geoff Palmer, haifaffen Jamaika, hukumar birnin ta kafa allo a gindinta a 2021 mai ambaton rabin miliyan ɗin nan. A 2023 wasu masu kishin sunansa, har da na zuriyarsa, suka zo suka cire allon, ba su jira a yi sannu a hankali ba. Hukumar ta kafa wani a 2024.