Zomon da Na Harbo

Rashin wuta ne ya jawo komai. A Janairun 2021 aka tarwatsa turakun lantarki na hanyar Damaturu, Maiduguri ta faɗa cikin duhu wata da watanni, ni kuwa na koma kwana a tsakar gida da waya a hannu. Magidancin da ba fanka ba talabijin sai ya fara tunani, tunanin mai albashin malamin makaranta kuwa daga nama yake farawa. A YouTube na ci karo da wani Bature mai gemu a dajin Amurka. Ya kwantar da baka a kan katako, ya yi mata kunama irin ta bindiga, ya ɗana, ya kai barewa ƙasa. Kafin bidiyon ya ƙare har na gama rabon cinya ga maƙwabta a zuci.

Da safe na kawo wa uwargida hujja daga tarihi, tunda shi nake koyarwa. Na ce, “Maman Ummi, wannan makami ba na yara ba ne. Sojojin yumɓun da manoma suka tono a ƙasar Sin a 1974, masu gadin kabarin sarkinsu na farko, har da kunamun tagulla na irin wannan baka aka samu a wajensu. A Turai kuwa, a 1139, taron manyan limaman coci ya hana Kiristoci harbin juna da ita.”

Ta ci gaba da tankaɗe. Ta ce, “Malam, wato su da suka ƙirƙiro ta sun ga ya kamata a hana, kai ne za ka shigo mini da ita gida?”

Kafinta ya fafe mini katako. Wani makanike a wajen Tashar Bama ya sayar mini da sifirin na tsohuwar mota, yana tambaya ko tarkon kura zan haɗa. Tsirkiya ce kaɗai ba ta ba ni wahala ba: tun 2011 aka hana hawa babur a garin nan, don haka wayar birki tana nan jibge ba mai so. Maƙeri ya feƙe mini guntayen rodi a matsayin kibau. Da aka haɗa, abin ya yi kyau ƙwarai, sai dai ba ya ɗanuwa. Ƙarfen da aka yi don ya ɗauki mota da buhunan wake ba ya lanƙwasuwa don malamin tarihi ya yi nishi. Sai da na taka da ƙafa biyu, ƙanena ya ja, almajirinmu ya riƙe ƙanena, sannan muka ji ƙas.

Na jingine buhun ƙaiƙayi a gindin darbejiya, na auna, na ja kunama. Buhun dai yana nan lafiya har yau. Tankin ruwanmu, wanda ke can gefe bai tsare wa kowa komai ba, shi ya karɓi kibiyar a ciki. A lokacin kuwa rijiyoyin burtsatse da dizal suke aiki, 'yan ga-ruwa sun zama manyan mutane, sai ka gaishe su da hannu biyu. Maman Ummi ta tara bokiti a ƙarƙashin hudar, ba ta ce uffan ba, abin da ya fi faɗa ciwo.

Duk da haka na aika wa surukina cewa ranar Asabar akwai naman daji.

Wanda bai zauna a Maiduguri ba ba zai gane nauyin abin da na yi da asubahin Asabar ɗin ba: na naɗe abu dogo mai gindin bindiga a tabarma, na tare Keke Napep. A shingen farko samarin gora masu tsaron gari suka ce a kwance. Da tabarma ta buɗe, wuri ya yi tsit, mai keke ya rantse bai taɓa ganina ba. Wani dattijon maharbi da ke zaune tare da su, riga duk layu, shi ya taso ya juya abin, ya ƙwanƙwasa sifirin, ya fashe da dariya. Ya ce, “Ku bar shi. Wannan in zai kashe wani, kansa ne.”

Da ya ji inda na nufa, ya ce gara ya raka ni, don kada a ce a gabansa na wuce. A hanya na ji cewa yana cikin ɗaruruwan maharban da suka taru a garin nan a Mayun 2014, bayan sace 'yan matan Chibok, suna neman a ba su izinin shiga Sambisa. Ya ce shi dajin ya san shi tun yana gandun namun daji, lokacin da abin tsoro a ciki giwa ce. Yanzu kuwa ba mai hankalin da ke nisa da gari don zomo, sai dai a yi ta zagaye gonakin rani na bakin kogin Ngadda. Ya nuna mini tasa kibiyar, kyauro ne mara nauyi da ɗan ƙarfe a baki, ya ce ta manyan dawa da dafin kwankwani ake shafe ta. Na yi masa bayanin cewa fa'idar baka mai kunama ita ce ba ta bukatar shekaru ana koyo. Ya ce, “Haka ne, Malam. Ga shi kuwa an gani.”

Mun tarar da zabi suna kiwo a bakin wata gonar albasa. Shi da wani manomi suka taya ni ɗanawa, yana cewa in dakata, ni kuwa jini ya riga ya hau. Ƙarar da sifirin ya yi ta tayar da kowane tsuntsu har Gwange. Rodin ya tafi yana juyi a iska, ya maki wata zabuwa da faɗinsa, ta faɗi ko shurawa ba ta yi ba. Ina cikin kabbara sai ga wata tsohuwa da taɓarya. Zabinta ne, ita ta sa wa kaza ƙwansu.

Na biya kuɗin zabuwa, da na ƙwan da za ta yi da damina, da na jikokin ƙwan. Na sunkuya zan ɗauka, dattijo ya taka ta da sanda. Ya ce mushe ce ta hanya biyu: dabbar gida ba a cin ta da harbi sai da yanka, kuma ko ta daji ce, abin da makami ya kashe da duka ba da kaifi ba ba ya halatta. Ashe maharbin nan ya fi ni riƙe Risala.

Ganin na zauna a kan kunya na yi tagumi, ya buɗe jakar fatarsa ya zaro zomo, ƙato, yankakke, wanda ya samu tun kafin assalatu. Muka yi ciniki. Bai yi mini ragi ba.

Na shiga gida ina ɗaga zomo ta kunnuwa. Maman Ummi ta ce ba a tukunyarta ba, kuma ba kusa da ɗakin da ta turara ba. Babarbariya ta yafe maka tanki, amma ba ta yafe ƙarnin da ya taɓa turaren wutarta. A zaure na feɗe shi, na ɗora a gawayi. Naman zomon daji ba kitse, ga tauri, don dabba ce da ta ƙare rayuwarta a guje. Na zuba citta, kanumfari, masoro, kimba, tafarnuwa da albasa mai yawa, na jefa ɗan ƙanƙanin kanwa, na bar shi a wuta kaɗan-kaɗan har la'asar. A nan kam ba na ƙarya, farfesun ya yi. Ita ma ƙamshin ya sassauto da ita har ta turo burabusko.

Surukina ya zo da amininsa bayan magariba. Na shimfiɗa musu, na koma bakin ƙofa na tsuguna, don ba na cin abinci a gabansa. Aminin ya tambayi yadda aka yi, na ba da labari kaina a sunkuye: yadda zomo ya zabura, yadda na bi shi da kibiya ɗaya tak. Ana cikin sa albarka sai na ji ƙaras. Baba ya daina tauna. Ya sa yatsu biyu a baki, ya fito da wani ɗan ƙarfe mulmulalle, ya kara shi a hasken fitila. Ƙwallon boris ne na keke, irin wanda maharba ke ɗura wa bindigar toka. Ya ajiye a gefen tire, ya ci gaba da ci. Can aminin ma ya fito da nasa.

Baba ya jera su biyu, ya dube ni.

“Ɗana, kibiyar taka ƙwai take yi?”

Na ce, “Baba, irin ta zamani ce.”

Daga bayan labule Maman Ummi ta ce, “Baba, ku tauna a hankali. Wadda ta shiga tankinmu ma ba mu san ko nawa ta saka ba.”