Daga Idi-Araba Zuwa Accra, Ƙafa Na Ƙasa

Duk wanda ya ce maka sai da tikitin jirgin sama ake fita ƙasar waje, bai taɓa zama da 'yan goro ba. Daga Idi-Araba a Legas ƙasashe uku na jiranka a kan titi guda: Benin, Togo, Ghana. Ɗan'uwa, bi ta ƙasa ko da sau ɗaya ne, ka ga inda danginka suka bazu.

Sammako shi ne farko. Kana idar da sallar asuba ka nufi Mile 2, inda motocin iyakar Seme ke lodi, don hanyar Badagry ba ta raga wa mai nawa. Kada ka sha shayi babban kofi. Direba ba ya tsayawa sai inda masu kaki suka tare shi, su kuwa ba su tanadi ban-ɗaki ba.

Riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, mai launin ruwan ɗorawa ɗin nan. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka damar shiga ƙasashen nan ba biza har kwana 90, haƙƙinka ne. Duk da haka za ka ji ana maganar kuɗin hatimi, musamman in fasfonka sabo ne fil. Saboda haka ƙananan kuɗi a aljihun gaba, manya can cikin 'yar shara. Yi sallama, saki fuska, kuma kada ka soma lacca kan doka alhali fasinja goma na jiranka cikin rana. Naira za ta koma sefa, sefa ta koma sidi. Mai canjin sau da yawa ɗan gida ne, ku gaisa har da tambayar iyali, sannan ka ƙirga a gabansa.

A Kwatano za ka ga 'yan acaɓa cikin riguna ruwan ɗorawa kamar an watsa wa kaji tsaba, ga fetur jere cikin kwalabe a bakin titi. Nemi kujerar hagu, don a Lome teku na wannan ɓangaren har ka kai iyakar Aflao. Da ka shiga Togo ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya. In da azumi a bakinka, ladan za ka saurara, ba agogon Legas ba.

Ka isa unguwar Nima ta Accra da dare? Tambayi masallaci. Kafin ka gama alwala wani ya tambaye ka mutumin ina ne, da safe kuma ga koko da ƙosai. Wannan zumuncin fataken Gwanja suka shuka shi, kuma ina jin takaicin mai wucewa ta samansa yana barci.

Teku ma hanyarmu ce. Alhassan Ɗantata ta jirgin ruwa ya riƙa kawo goro Legas daga Ghana. Yau in Kamaru ka nufa, akwai jiragen ruwa daga Kalaba zuwa Limbe. Tanadi citta da lemun tsami saboda tashin zuciya, ka sa rigar ceto tun jirgi bai tashi ba, jirgin da aka yi wa lodi har baki kuwa ka bar shi ya tafi.

In daɗin hanya ya kwashe ka har ka fara tunanin Makka ta Chadi da Suwakin yadda kakanni suka yi, dakata tukuna. Ana yaƙi a Sudan tun Afrilun 2023, wannan kam ka nemi kujerar jirgin alhazai.