Araha Ta Kai Ni Mentawai

Ina da wata cuta da ta girmi korona, kuma har yau ba a samo mata riga-kafi ba: ba na iya ganin an karya farashin abu in wuce. Ba sai ina bukatarsa ba. A ɗakina akwai injin niƙa kofi, ni da ko ƙanshin kofi ba na so. Akwai takalmin shiga ƙanƙara mai lamba 47, alhali 42 nake sawa. Uwargida ta daɗe da daina tambayata amfanin abin da na shigo da shi, sai dai ta dube shi ta dube ni ta ce, "Alhaji, nawa aka rage maka?" Duk wannan ƙaramin alhaki ne. Babbar ta'asar a shekarar 2020 aka yi ta.

Sana'ata sayen yadi da kayan sawa a kasuwar Tanah Abang ta birnin Jakarta, ina turawa Kano. Ranar 2 ga Maris 2020 Indonesiya ta sanar da masu korona na farko, ranar 2 ga Afrilu ta rufe ƙofarta ga baƙi, kasuwarmu ma aka garƙame ta. Najeriya kuma ta riga ta rufe filayen jiragenta. Muka zauna a ɗaki muna kallon juna, mu 'yan Afirka ta Yamma da kulle ya rutsa da mu. Da Najeriya ta buɗe a ranar 5 ga Satumba, na duba kuɗin tikiti na ga ya haura, ga shi in na fita ban san ranar da za a bar ni in dawo ba. Sai na kira gida na yi wa uwargida dogon jawabi a kan tsimi da tanadi.

Bakina bai gama bushewa daga wannan wa'azi ba wani dillalina ya turo mini talla ta WhatsApp. Wani masauki ne a tsibiran Mentawai, irin wanda masu hawan igiyar ruwa ke sauka, ya zabtare fiye da rabin kuɗinsa saboda babu baƙi. Ci da sha da kwale-kwale duk a ciki. Ban san inda Mentawai take ba. Ban taɓa riƙe allon hawan igiyar ruwa ba. Iyona kuwa na kududdufin unguwa ne, wanda in ka gaji sai ka miƙe tsaye. Amma na ga tsohon farashi an ja masa jan layi, sabo a ƙarƙashinsa, sai hannuna ya fara ƙaiƙayi. Sai da na biya sannan na buɗe taswira.

Taswirar ta nuna mini tsibirai huɗu manya, Siberut da Sipora da Pagai biyu, kimanin kilomita 150 daga gaɓar yammacin Sumatra, bayansu babu komai sai Tekun Indiya. Wannan rashin komai shi ne arzikin wurin. Guguwa takan tashi can kudancin teku, ta turo igiyoyi su yi tafiyar dubban kilomita ba abin da ya tare su, har su zo su ci karo da duwatsun murjani da ke ƙarƙashin ruwa mara zurfi, su miƙe su nannaɗe. Tun farkon shekarun 1990 Turawan Ostareliya suka fara tallata wurin, yau kuwa ana lissafa shi cikin manyan wuraren wannan wasa a duniya. Wato wurin gwanaye ne. Na kuma karanta cewa ranar 25 ga Oktoba 2010 girgizar ƙasa ta tayar da ambaliyar tsunami a can, ta kashe mutum sama da 400. Na nemi a mayar mini da kuɗina, aka nuna mini ƙananan rubutun da ban karanta ba.

Daga nan ragin ya fara zagwanyewa. A lokacin ba a barin mutum ya kama hanya sai da takardar gwaji, kuma ko da gwamnati ta ƙayyade farashin gwajin PCR a watan Oktoba, rufiya 900,000 ne. Aka zura mini tsinke a hanci har na tuno abubuwan da na manta tun firamare. Ga tikitin jirgi zuwa Padang, inda ake kama jirgin ruwan tsibiran. Ga harajin da hukumar tsibiran ke karɓa daga baƙi masu hawan igiya, wanda na biya da ƙafafuna biyu a kan busasshiyar ƙasa, ina ta tambayar ko akwai rangwame ga wanda bai iya ba.

A Padang aka ba ni zaɓi biyu. Akwai jirgin ruwa mai gudu da ke kai mutum garin Tuapejat na tsibiran cikin awa uku zuwa huɗu, akwai kuma babba da ke tashi daga tashar Bungus ya kwana a hanya. Kun san wanda na zaɓa. Kafin in shiga kuma na tsaya na cika cikina da shinkafa da rendang, naman nan na Minangkabawa da ake dafawa da madarar kwakwa har ya bushe, don an ce abincin cikin jirgi da tsada. Ba zan ba da labarin wannan dare ba. Abin da kawai zan ce, wanda bai taɓa yin amai da takunkumi a fuska ba bai san dukkan fuskokin wulaƙanci ba.

A masaukin na tarar da wasu Turawa ƙalilan da kulle ya rutsa da su, kuma ba su da niyyar a cece su. Fatarsu ta ƙone, bayansu duk tabo. Suka tarbe ni da murna, ɗaya ya tambaye ni a ina na saba hawa. Maimakon in ce ban taɓa ba, sai na ji bakina ya ce, "Legas." Ya gyaɗa kai cikin girmamawa ya ce ya ji labarin Tarkwa Bay. Ni kuwa iyakata da tekun Legas hango shi daga kan gada.

Ƙaryar ba ta kai azahar ba. Kwale-kwale ya kai mu kusa da wata igiya da suke kira Telescopes, na ga bango na ruwa ya taso ya fi tsayin ɗakina, mutum ya shige cikinsa a tsaye ya fito ta ɗaya gefen. Na ce musu yau dai zan tsaya in karanci yanayin wurin. Washegari ma na ƙara karantawa. Daga bisani mai masaukin ya ja ni gefe, cikin ladabi, ya haɗa ni da wani saurayi ɗan tsibirin, ya ce ya kai ni inda yara ke koyo.

Saurayin nan Pak Haji yake kirana, kuma bai taɓa yi mini dariya a gabana ba, Allah Ya saka masa. Ya goga wa allon kaki don kada in zame, ya ɗaura mini igiyarsa a idon sawu, ya nuna mini yadda ake kwanciya a tuƙa da hannu. Na kwanta a kai kamar buhun gero a bayan jaki. Ya ce in na ji ruwa ya ɗaga ni in zabura in tsaya. Na zabura, allon ya yi gabas, na yi yamma, wandona ya nemi tasa hanyar. Yara 'yan shekara bakwai suna wuce ni a kan ɓarin allunan da Turawa suka yar, suna ɗaga mini hannu. Sau ɗaya na kai ga durƙusawa a kan gwiwa, na ɗaga kai in ga ko akwai mai ɗaukar hoto, sai ruwa ya kife ni ya goga bayana a kan murjani.

Maganin wannan rauni a can lemun tsami ne. Ana raba shi biyu a dirje ciwon da shi, wai don a fitar da ɓurɓushin murjani kada ya ruɓe. Turawan suka kewaye ni suna tafi, suna cewa yanzu na zama ɗan gida. Ni kuwa salati nake yi da ƙarfi, har mai dafa abinci, wata baiwar Allah Musulma daga Padang, ta fito da ludayi a hannu tana zaton mutuwa aka yi.

Da yamma na shiga ƙauye sayen man shafawa. Ruwan gishirin da na sha ya sa ni tari, na tsaya a bakin shago na yi shi son raina. Da na ɗago, mai shagon ta ja ɗanta bayanta, mutanen da ke zaune a benci sun matsa. Da farko na ji haushi, na ɗauka baƙar fata ce suka gani. Sai saurayin nan ya ce, a hankali, "Pak Haji, daga Jakarta ka zo." Tun da na sauka nake kaffa-kaffa da Turawa, ina goge hannu in sun taɓa kofina, alhali su sun fi wata shida ba su bar tsibirin ba. Ni ne na taso daga birnin da cutar ta fi ƙamari a ƙasar, da takardar gwajin da ta riga ta tsufa a aljihu, na zo wurin da babban asibiti ɗaya ne a Tuapejat, kuma mai ciwo daga wasu ƙauyukan sai ya yi awoyi a kwale-kwale kafin ya isa, in teku ta yarda.

Wannan bai hana ni halina ba. Ranar da zan tafi saurayin ya kawo mini wani allo nasa, ya ce ko zan saya. Ya faɗi kuɗi, na yi dariyar da muke yi a kasuwar Kwari, na taya rabi. Ban gama rufe baki ba ya ce ya sallama. Duk ɗan kasuwa ya san wannan saurin sallamawa. Mun san shi a wurin mai rago da yammacin jajibirin Sallah, mun san shi a wurin matar da ta kawo ɗan kunnenta kasuwa ranar da aka kwantar da ɗanta, kuma mukan koma gida mu ba da labari a matsayin sa'a. Na tambaye shi yaushe rabonsa da baƙo kafin ni. Ya ce tun Maris. Jan layin nan da ya ja ni daga Jakarta, albashinsa ne da na mai dafa abinci da na mai tuƙa kwale-kwale aka soke.

Na cika masa kuɗinsa yadda ya faɗa da farko, kuma ba zan ɓoye muku ba, sai da na ji zafin cikon a ƙirjina har muka iso Padang. A filin jirgi aka auna allon aka ce kaya ne na musamman, aka caje ni abin da ya kusa kuɗin sayensa. Na yi ciniki, ba su rage ko sisi ba. Da na isa Jakarta na killace kaina a ɗaki, ni da allon, wanda ya ƙi shiga lif sai da muka hau da shi ta matakala, hawa tara, ni da maigadi, shi ma sai da na biya shi.