Mai Hosfot Shi Ne Shugaban Tawaga

A da, idan Bahaushe ya sauka baƙunta, tambayarsa bayan gaisuwa ba ta wuce biyu: ina buta, ina gabas. Yanzu buta ta koma ta uku, gabas ta huɗu. Ta farko ita ce lambar sirrin wayifai, ta biyu kuma inda zai soka caja. Mai masauki yana ta "sannu da hanya, ya gajiya", baƙo yana leƙen bayan talabijin ko zai hango 'yar akwatin nan mai ƙyafta koren ido.

Tafiyar aiki zuwa ƙasar waje ce ta fi fito da wannan hali, kuma ban ga ƙasar da ke tona mana asiri irin Maleshiya ba. Mutanenmu suna zuwa Kuala Lumpur da dalilai masu nauyi: baje kolin kayan halal na MIHAS da ake yi tun 2004, kwas kan bankin Musulunci, taron jami'o'i, ko sarin kayan waya a Low Yat Plaza. Masu son dawowa da canjin kuɗin guzuri sukan kauce wa otal-otal na tsakiyar gari su kama gida a Sentul, wata unguwa a arewacin birnin, ba nisa da zaurukan taro na MITEC da World Trade Centre, ga tashoshin jirgin ƙasa ta ko'ina. Mutum biyar a ɗaki biyu, takardar da kowa zai kai ofis kuwa ta ce shi kaɗai ya kwana a otal. Mu bar wannan sai wata rana.

Tun farkon 2024 baƙo ba ya shiga ƙasar sai ya cike katin isowa na MDAC ta intanet, cikin kwana ukun da suka gabaci saukarsa. Yallaɓai shugaban tawaga bai san da haka ba, ba ya kuma bukatar sani, tunda akwai yaro. Kowace tawaga tana da yaronta, ƙaramin ma'aikacin nan da sunansa ya zo a ƙarshen takarda, wanda aka ɗauko don jan akwati da rubuta rahoto. Shi ya cike wa kowa katin, shi aka yi wa tsawa a Addis Ababa saboda jirgi ya yi latti.

To an sauka filin jirgin sama na Sepang. Ga kantunan sayar da layi a jere, CelcomDigi, Hotlink na Maxis, U Mobile. Ka miƙa fasfo, a yi maka rajista, a ɗura maka data. Sai manya su tsaya su buga lissafi: ringit kaza, a juya shi zuwa dala, a juya dala zuwa naira da farashin 'yan canji na Wapa. Nan take fuska ta canza.

"Haba, don mako ɗaya? Almubazzaranci ne. Kai, sayi ɗaya ka riƙa jona mu."

Mutumin da bai ga almubazzaranci a turare kwalba shida na Doha ba ne ya faɗi haka. Yaro ya ce to, ranka ya daɗe, ya zaro kuɗin aljihunsa ya saya. Bai sani ba, su ma ba su sani ba, a daidai wannan kanta aka yi juyin mulki.

Hosfot dai ba ya nisa. Taku kaɗan ne, in ka wuce su ka fita daga duniya. Saboda haka daga ranar duk inda yaro ya sa ƙafa, darakta da mataimakinsa da ma'aji da Hajiya mai kula da sashen mulki suna biye da shi kamar 'yan tsaki a bayan kaza. Ya tsaya, su tsaya. Ya leƙa shago kallon takalmi, sai ka ga manya huɗu sun kama sha'awar takalmi. Ya shiga banɗaki, Yallaɓai ya jingina da ƙofar yana karanta saƙo, can ya ƙwanƙwasa a hankali: "Malam, lafiya dai ko? Kada ka matsa can ciki sosai." Shekara shida yaron nan yana ofis ba a taɓa ce masa Malam ba.

Abin da ya fi daɗi shi ne aike. Ran farko Yallaɓai ya ce, kai, sauka ka sayo mana ruwa da burodi. Yaro ya shiga lif, lif ta rufe, tawaga ta mutu murus. Saƙon da ake turawa ya maƙale, fuskar uwargida ta daskare a kiran bidiyo baki a buɗe. Daga ranar ba a sake aikensa ba. Mataimakin darakta, mai digiri biyu da rawanin sarauta a garinsu, shi ke sauka sayo burodi, yaro yana kishingiɗe a kujerar da ta fi laushi ana tambayarsa ko cajinsa ya kai nawa. Tsokar da ta fi girma a kwano tasa ce. In ya yi atishawa, mutum huɗu ke amsawa.

Ranar da ƙofar jirgin LRT ta rufe a tashar Sentul Timur da yaro a ciki, Yallaɓai a waje, ranar aka san matsayin kowa. Babu manhajar Grab da zai kira mota da ita, babu taswira, babu lambar kowa a ka, sunan benen da yake kwana ma a waya yake. Abin da ya riƙe kawai shi ne unguwar ta fara da "Sen". Ya tari tasi ya faɗi abin da ya zo bakinsa, aka kai shi KL Sentral, aka sauke shi cikin ladabi. Mutumin da sa hannunsa ke motsa miliyoyi ya tsaya a bakin wani shagon kofi yana roƙon 'yar mai shago lambar sirri da Turancin da tsoro ya cinye rabinsa.

Sai batun alƙibla. Maleshiya tana gabas da Makka nesa, don haka masallaci a can yana kallon yamma ne, ya ɗan karkata arewa. Manhajar waya ta nuna haka, kibiyar da ake mannawa a rufin ɗakunan baƙi ta nuna haka. Alhaji ma'aji ya dubi waya, ya dubi rana tana faɗuwa daidai inda aka ce ya fuskanta, ya girgiza kai.

"Netwok ne. Kashe ka kunna."

Aka kashe aka kunna, Makka ba ta matsa ba.

Akwai kuma layin gida, wanda kowa ya naɗe a takarda ya cusa a bayan fasfo. Ba a tuna da shi sai an zo tura kuɗi, banki ya ce ya aika lambar OTP. Ina ya aika? Layin da ke bayan fasfo. A nemo tsinke a zare na Maleshiya, tawaga ta sake mutuwa, a sa na Najeriya, a jira ya kama wani sabis ɗin. Lamba ta iso bayan wa'adinta ya ƙare. Wani kuma sai a can ya gano layin nasa an toshe shi, domin tun umarnin Disamba 2020 na haɗa layi da lambar NIN yake cewa gobe zai je. Mai dabara shi ne wanda ya bar layinsa a gida wajen amarya don ta riƙa karanto masa lambar. Dabara ce mai kyau, sai dai kowane alat ma wajenta yake shiga, har na turare kwalba shida, gida kuma mata biyu ne. Lissafin rabon yana jiransa.

Duk wannan wahala, in ka tambaya, don aiki ake yin ta. "Ofis ba za su iya komai ba in ba na kusa." Ni kuwa ina da shakka. Tsakanin Kano da Kuala Lumpur awa 7 ne. Lokacin da ake buɗe taro ƙarfe 9 na safe a can, ƙarfe 2 na dare ne a gida, ofis yana barci, maigadin ofis ma yana barci. Lokacin da gida ya ɗauki zafi kuwa, bayan isha'i, an ci tuwo an baje a zaurukan WhatsApp, ƙarfe 3 na dare ne a Sentul. A lokacin za ka ga haske a fuskar kowa cikin duhun ɗaki. Wannan yana sasanta rigimar gado a zauren dangi. Wancan yana musu a zauren tsofaffin ɗalibai kan wanda ya cancanci takarar shugaban ƙaramar hukuma. Hajiya tana zaɓar ankon bikin da za a yi bayan Salla. Yallaɓai yana bai wa mai gini umarni ta bidiyo, "matso da kyamarar, wannan bulon a karkace yake." Da safe a shiga taron da gwamnati ta biya kuɗin jirgi dominsa, a sa abin fassara a kunne, a yi barci mai mutunci.

Da la'asar ɗin can kuma ofishin gida ya buɗe, sai a kira taron Zoom. Wato an keta rabin duniya don halartar taro, an fita daga taron an tsaya a baranda don halartar wani taron da ake yi a ɗakin da aka baro. Rabin sa'ar farko ta tafi a "kuna ji na?"

Amma babbar musibar ba ta nan ba ce. Matafiyin zamanin da, ko bafataken da ya nufi Gwanja sayen goro, ko alhajin ƙafa, in ya fita ya fita. Wata da watanni babu labari, sai in an dace da mai dawowa a ba shi sallahu. Ko a zamanin iyayenmu, kafin wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, kaset ake ɗauka a aiko, a taru a tsakar gida a saurara, duk bukatar da aka mayar masa kuwa kafin ta isa mai ita ya warke ko ya haƙura. Nisa yana kare aljihu. Yanzu mutum da hannunsa zai tsaya gaban tagwayen benen Petronas mai hawa 88, ya gyara hula, ya ɗora hoto a sitatus da "Alhamdulillah". Kafin ya mayar da waya aljihu an fara sallama. "Kawu, ashe an tsallaka? Allah Ya tsare. Dama kuɗin makarantar nan ne." "Yaya, in za ka dawo, waya ko 'yar ƙarama ce." Wani da rabonka da shi tun firamare zai aiko saƙon murya na minti tara, takwas gaisuwa, ɗaya lambar asusu.

A gida akwai mafaka. Kalma ɗaya ce, netwok, ta raba mu da masu bin bashi, ta kashe maganar da ba mu so, ta wanke mu a gaban surukai. Kuma tana da shaidu: kowa ya tuna Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma har bankuna suka rikice. A Sentul wannan mafakar ta rushe. Kamfanin YTL da ya gina dogayen benayen unguwar shi ne mai layin Yes, wanda ya fara sayar da 5G a ƙasar a Disamba 2021. Saƙo yana shiga, alamar nan biyu ta yi shuɗi, mai roƙo yana kallon ka a onlayin. Ka yi shiru, ya rubuto: "Na ga ka gani."

Tsoron ɗauke wuta kuwa ba ya bin biza, tare muke tafiya da shi. A shagunan mamak, na Indiyawa Musulmi, inda ake shan teh tarik da roti canai har tsakar dare, ɗan gari yana zaɓar tebur kusa da fanka, namu yana zaɓar na kusa da soket. Sa'a, soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu. Waya tana kan 96 amma sai an cika ta, a cika fawa bank, a cika fawa bank na biyu da ke cajin na farko. Mako guda wuta ba ta ƙyafta ba, Alhaji ma'aji ya ce shi wannan shirun bai kwanta masa ba, ranar da za su ɗauke ta za a jima.

Da an ɗaga kai daga waya, da an ga unguwar. Sentul garin 'yan reluwe ne. Tun wajen 1905 Turawan Ingila suka kafa babbar ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa a nan, suka cika ta da ma'aikata 'yan Tamil daga kudancin Indiya, shi ya sa har yau wuraren bautarsu da shagunan abincinsu suke ko'ina. A 1945, lokacin da Japan ke riƙe da ƙasar, jiragen Amurka sun yi wa ma'aikatar ruwan bama-bamai. Wani tsohon gininta shi aka mayar gidan wasan kwaikwayo na KLPAC a 2005. Duk wanda ya san Sabon Garin Zariya ko unguwar 'yan reluwe ta Kano zai ji wani abu ya motsa masa. Daga tashar KTM ta Sentul kuma tasha kaɗan ce zuwa Batu Caves mai matakala 272. Tawagarmu ta je, ba a hau ba, an dai yi hoto a gindin matakalar, aka tsaya rabin sa'a ana jiran yaro ya tura wa kowa nasa.

Ran komowa, mulkin yaro yana ƙarewa ne a daidai inda jirgi ya taɓa ƙasa a filin Malam Aminu Kano. Layukan gida su farka, sunan Malam ya faɗi, a miƙo masa akwati uku da umarnin rahoto ya zama a tebur ran Litinin. Rahoton taron da shi kaɗai ya saurara, shi ma don an hana shi taɓa wayarsa kada caji ya ƙare.

Yallaɓai kuwa yana isa gida zai tarar da zaure cike da masu sannu da zuwa, cikinsu har da duk waɗanda ya karanta saƙonsu bai amsa ba. Ɗaya zai gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, mun yi ta aike, shiru." Sai Yallaɓai ya yi ajiyar zuciya, ya tafa hannu.

"Kai dai bari. Ƙasar nan ana zuzuta ta ne kawai. Netwok ɗinsu ko na ƙauyenmu ya fi shi."