Jamusancin da Damina Ta Wanke

Duk shekara idan Satumba ta kama, nakan goge allo, in sayi sabon alli, in zauna jiran ɗalibaina na ajin Jamusanci da muke yi da yamma a nan Kano. Sababbin shiga ba sa tayar mini da hankali, domin wanda bai san komai ba ya san bai sani ba. Fargabata tsofaffin ɗalibai ne, waɗanda muka rabu da su a watan Yuli suna rantsuwa cewa kullum sai sun yi bita. Sukan dawo da ƙiba da sabon ɗinki, amma Jamusancin da na ba su ajiya ruwan Agusta ya yi awon gaba da shi.

Tun daga saƙon gayyata rigimar take farawa. Na rubuta musu cewa za mu haɗu halb fünf. Duk wanda ya yi wata uku a ajin ya san Bajamushe sa'ar da ke tafe yake duba, saboda haka halb fünf huɗu da rabi ke nan, wato an ci rabin hanyar zuwa biyar. Ƙarfe huɗu da rabi ni kaɗai ne a aji, sai fanka. Biyar da rabi daidai Alhaji mai shagon kayan Marsandi ya shigo yana duba agogo cikin alfahari.

“Alhaji, ka makara da awa guda.”

“Haba Malam! Halb rabi, fünf biyar. Biyar da rabi. Yau ma fa Bajamushen gaske na zama, ko minti ban ƙara ba.”

Shi aƙalla da hujja ya makara. Sauran da suka iso wajen ƙarfe shida cewa suka yi sun ɗauka bayan la'asar ne kawai, kuma ai la'asar ba ta ƙare ba.

Da aka cika, sai na ce kowa ya faɗi abin da ya yi a hutu, jimla uku kacal. Nan take aji ya koma kamar zaman makoki. Wani matashi mai rigar Bayern, wanda a majalisarsu ba a kiransa sai Bajamushe, wanda duk safiyar Allah sai ya manna Guten Morgen a WhatsApp, ya miƙe ya gyara murya ya ce Guten Morgen. Da yamma. Na ce ya ci gaba, sai ya jero mini sunayen 'yan ƙwallo goma sha ɗaya, ya zauna yana jiran tafi.

Uzuri kuwa kowa da irin nasa. Wannan bikin ƙanwa, wancan gona, waccan rashin wuta, kamar littafi da caji yake aiki. Na ce a fito da littattafan. Rabinsu sun dawo sabbi fil, har ƙanshin kanti suke yi. Na wata baiwar Allah kuwa ya sha aiki, domin an ɗora masa tukunya, shatin gindinta na nan a kan darasi na huɗu.

Sai muka koma kan tsohon abokin gaba, wato der, die da das. Bahaushe ya raba duniya biyu, namiji da mace, ya huta. Bajamushe ya ƙara gida na uku wanda ba namiji ba mace. Cokali namiji ne, der Löffel. Cokali mai yatsu mace ce, die Gabel. Wuƙa kuwa, wadda mu muka san mace ce, a wurinsu das Messer ce, 'yar gida na uku. Bara Alhaji ya yi haƙuri da wannan duka, har sai da muka zo kan das Mädchen, wato yarinya, ita ma an jefa ta gida na uku. Bana da na sake faɗa, sai ya yi salati kamar yau ya fara ji.

“Malam, yarinya sukutum? To wa zai kai kuɗin aurenta?”

Na lallashe shi da cewa rana a wurinsu mace ce, die Sonne, wata kuma namiji, der Mond, daidai da namu. Ya gyaɗa kai ya ce ashe dai suna da sauran hankali.

Ƙirge ma bai tsira ba. Bajamushe ba ya cewa ashirin da ɗaya, sai ya ce ɗaya da ashirin, einundzwanzig. Na tambayi wata amarya shekarunta, ta ba ni 52 a madadin 25, aji ya ɗauki shewa. Ita ce mai jiran biza ta bi mijinta Hamburg, kuma ba a ba da irin wannan biza galibi sai da shaidar matakin A1. Kusa da ita akwai nas mai burin aikin asibiti a can, wadda ake nema wa B2. Matakan shida ne, daga A1 zuwa C2, kuma tambayar da suka fi yi mini ba ta wuce guda ba: “Malam, yaushe za mu je Legas mu rubuta jarrabawar Goethe?” Takardar ake so. Harshen kuwa ya biyo baya idan ya ga dama. Halinmu ke nan a komai: rawani muke ƙauna, hawan dokin ne ba ma so.

Don in ba su kunya, na tuna musu Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya koyi Hausa a bakin ayari ba tare da allo ko fanka ba. Na ƙara da Schön, wanda ya wallafa ƙamus na Hausa a 1876. Alhaji ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “To Malam, tunda su sun iya namu, kuma ga gidan rediyonsu na Bonn yana yi da Hausa, mu wahalar me muke sha?”

Ana cikin dariya sai wata yarinya da ke zama a baya, wadda ba ta taɓa manna Jamusanci a WhatsApp ba, ta ɗaga hannu. Littafinta ya yi laushi don bita. Ta karanto wata doguwar jimla, irin wadda aikatau ke laɓewa a can ƙarshe sai numfashi ya kusa ƙarewa, ta tambaye ni dalilin da ya sa die ta rikiɗe ta koma der a tsakiya.

Na dubi allo, allo ya dube ni. Sai a lokacin na tuna cewa nawa littafin ma tun Yuli yake cikin but ɗin mota, ƙarƙashin buhun masara. Na gyara hula, na yi murmushin manya.

“Madalla da wannan tambaya, 'yata. Kowa ya rubuta, shi ne aikin gida. Mu haɗu jibi, halb fünf.”

Alhaji ya ce in sha Allahu biyar da rabi a aji za ta same shi.